Wane Ruwa Ya Kamata Masunci Ya Nufa?

Duk shekara idan damina ta ja baya, sai mu ga samarinmu a Garwa da Marwa da Ngaundere suna ɗaure kaya za su tafi su. Wani ya sayar da babur ɗinsa, wani ya ci bashi a wurin dillalin kifi ya sayi kalli da kwalekwale, alhali abin da ya sani game da ruwan da ya nufa bai wuce labarin da ya ji a tasha ba, wai ana kwasar kifi kamar ƙasa. Bayan wata uku sai ga shi ya dawo da yagaggen kalli, ga bashi a wuya. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata a wannan wata mu tattauna a kan yadda ake zaɓen ruwa tun kafin a kashe ko sisi.

Abu na farko da iyayenmu Sarkawa suke dubawa shi ne irin kifin da suke nema, domin kowane kifi da ruwan da yake so. Turawa masu kamun kifi da fatsa ma haka suke yi. Kifinsu da ake kira tirawut ba ya jin daɗi sai a ruwan sanyi mai gudu, wanda zafinsa bai haura digiri 20 ba, shi ya sa a Afirka a kan duwatsu ake samunsa, kamar na Kenya da Lesoto da Afirka ta Kudu, inda aka kai shi daga waje. Wani kuma da suke kira bas ya fi son tafki mai ɗumi, mai ciyawa da kututture. Mu ba mu da waɗannan biyu a nan Kamaru ta Arewa, amma ka'idar ɗaya ce.

Giwan ruwa, wadda masu Faransanci suke kira kapiten, tana son ruwa mai zurfi da iska a cikinsa, musamman gurbi mai duwatsu inda take fakon ƙananan kifi. Babba takan haura kilo 100. Gurabun kogin Faro da na Binuwai sun shahara da ita. Tsage mai haƙora yana bin ruwa mai gudu kuma garau. Karfasa kuwa ta gefe ce, tana son wuri marar zurfi mai ciyawa, inda take haƙa gurbin ƙwai a cikin yashi. Ita tarwaɗa ba ruwanta, tana shaƙar iska daga sama, don haka ko a kududdufin da ya kusa ƙafewa sai ka same ta. Wanda ya kai mamari wurin karfasa, ko ya jefa birgi a gurbin giwan ruwa, ya ɓata ranarsa.

Abu na biyu shi ne a san tarihin ruwan. Manyan tafkunan da muke su a cikinsu yawancinsu madatsu ne: Mbakawu kusa da Tibati tun 1969, Maga a 1979, Lagdo a kan Binuwai a 1982, sai Lom Pangar a jihar Gabas da aka fara cikawa a 2015. Sabon tafki yana da wata ɗabi'a. Idan ruwa ya rufe daji, ciyawa da ganye su kan ruɓe su zama abinci, sai kifi ya yi ta hayayyafa na 'yan shekaru. Labari ya bazu, masunta su yi ca daga ko'ina, daga nan abincin ya ragu, raga ta yi yawa, kamu ya faɗi. Haka aka yi a Lagdo, inda dattawa suke ba da labarin albarkar shekarun farko, kuma kowa ya san yau ba haka take ba. Saboda haka wanda ya ji sunan wani tafki, ya fara tambayar yaushe aka yi wannan kamun da ake faɗa, bana ne ko shekara 10 da suka wuce.

Sa'an nan a dubi abin da ke ƙarƙashin ruwan. Tafkin da ya cinye kurmi, kamar Lom Pangar, cike yake da itatuwa a tsaye, masu yaga kalli su kuma fasa jirgi. A irin wannan wuri ƙugiya da gura sun fi taru amfani. A Binuwai da Faro akwai dorina, kuma ba ta wasa da kwalekwalen da ya ratsa tsakaninta da ɗanta. Ruwa mai kwanciya yana kawo tsargiya, mai gudu kan duwatsu kuma yana tara ƙudan da ke jawo makanta. Yankin Tafkin Cadi, wajen Darak da Bulanguwa, yana da kifi, amma tun 2014 rikicin Boko Haram ya sa shiga can ya zama kasada.

Lokaci ma yana cikin zaɓe. A fadamun kogin Lagwan kifi yana bin ambaliya ya hau ya yi ƙwai, sai ruwa ya fara janyewa wajen Nuwamba ya juyo kogi, a nan ne kamu yake. A Lagdo da Maga hukuma kan rufe ruwa har wata 3 a damina domin kifi ya hayayyafa, wanda aka kama a ciki kuwa ana iya ƙwace kayansa. Kada mu ɗauki wannan doka a matsayin ƙiyayya, domin kifin da aka bari bana shi za mu ci baɗi.

Na ƙarshe, a auna hanya zuwa kasuwa. Ɗanyen kifi daga Lagdo yana isa Garwa a rana ɗaya. Wanda ya yi nisa da kwalta kuwa dole ya yi banda, ya lissafa kuɗin itace da gishiri da mota kafin ya san ribarsa.

Shawararmu ga samari ita ce, kafin a sayi raga, a je da ƙafa a ga ruwan, a gaida Sarkin Ruwa, a nemi takardar izinin su, a kwana biyu ko uku a bakin gaɓa ana kallon abin da jirage ke saukewa da safe. Kuɗin motar zuwa da dawowa bai kai kuɗin kalli ɗaya ba. Allah Ya ba masuntanmu sa'a, Ya dawo da su gida lafiya.