Akurkin Kaji: Kyan Ido da Kyan Aiki

Manoma, ga rani ya shigo, lokacin gine-gine. Mai niyyar yi wa kajinsa akurki ya tsaya ya yi tunani kafin ya kwance bakin aljihu.

Wadansu sukan kashe kuɗinsu wajen sayen kwano da fenti don maƙwabta su yaba. Amma ku sani kaza ba ta gumi. In rana ta bugi kwano cikin watan Afrilu, sai ka ga kaji sun buɗe baki suna haki, cin abinci ya ragu, ƙwai ma ya ragu. Jinkar ciyawa ta fi sanyi, kuma ta fi araha. Wanda ya nace sai kwano, to, ya shimfiɗa zana ko karan dawa a bisansa.

Waɗansu kuwa sukan gina ɗan akurkin laka mai ƙofa kamar ramin gafiya. Hannu ba ya shiga, balle tsintsiya. Kashi ya taru, iska ta rasa hanya, kaskar kaji ta ɓuya cikin tsagar bango da rana, da dare ta fito ta sha jini.

Ga inda ya kamata kuɗi ya tafi. A sayi ragar waya mai ƙananan ido, kamar rabin inci, a rufe tagogi da ita, don ɓera da maciji da muzuru. A yi ƙofa wadda mutum zai iya shiga ya share. Kada ta fuskanci gabas, gama daga can hadari da iskar hunturu suka fi zuwa. A ɗaga daɓe ya fi ƙasar tsakar gida tudu saboda ruwan damina. A gitta sanda wadda kaji za su hau su kwana, kowace kaza ta sami wurin inci 8. Kaji 5 kuwa gurbin ƙwai ɗaya ya ishe su. Tsohuwar tukunya ma ta yi.

Kyan ido fa? Ai ba a hana ba. A yaɓe bango sumul, ciki da waje, a shafe shi da farar ƙasa. Akurki ya yi fes, kaska ta rasa maɓoya, zafin rana kuma ya ragu. A shuka zogale a gefe, ya ba da inuwa, kaji su ci ganye.

In an gama, a nemi malamin dabbobi ya yi wa kaji rigakafin fakat, don bango ba ya tare annoba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.