Gundumomin Addini a Masarautar Dutse da Tsakanin Yahudawan Faransa

A ƙasar Dutse harkar addini ba ta da iyakoki nata na daban, domin sawun sarauta take bi tun daga mai unguwa da dagaci har zuwa hakimi da sarki. Dutse ta daɗe tana gunduma a ƙarƙashin Sarkin Kano, gwamnatin Abubakar Rimi ta ɗaga ta zuwa masarauta a 1981, aka soke matakin a 1983, sannan ta tsaya da ƙafafunta bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, inda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Dutse, Kiyawa, Jahun, Miga, Birnin Kudu, Buji da Gwaram.

Ta wannan tsani labarin ganin wata yake hawa daga ƙauye zuwa fada kafin ya isa ga Sarkin Musulmi, kuma ta nan ne sunan malamin da za a ba limancin Juma'a yake bi kafin a naɗa masa rawani. A zamanin Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya yi mulki daga 1995 zuwa 2023, kwamitin zakka na masarautar ya yi suna wajen tattara buhunan gero da dawa bayan kaka, ana raba su ga mabuƙata gunduma-gunduma, aikin da da wuya ya yiwu in ba don dagaci ya san gonar kowa ba.

Yahudawan Faransa kuwa ba su da sarautar da za su jingina da ita, don haka gwamnati ce ta yanka musu gundumomi. A 1808 Napoleon ya kafa babbar majalisa a Faris, tare da majalisun yanki a wuraren da Yahudawa suka kai 2,000, kowace da babban rabbi, wato malamin da ke fassara dokokin addininsu, da wasu dattawa da ke kula da wuraren ibada da kuɗin jama'a. Manufar ba ta tsaya ga ibada ba, domin an ɗora musu kwaɗaitar da matasa shiga aikin soja da biyayya ga hukuma. Daga 1831 baitulmalin ƙasa ya fara biyan malaman albashi, har dokar 1905 ta raba addini da gwamnati. Yankin Alsas da Mozel bai shiga wannan doka ba saboda yana hannun Jamus a lokacin, shi ya sa har yanzu gwamnati ke biyan malaman Yahudawa a can.