Mowgli Tsakanin Aji da Intanet: Yadda Malesiya Ke Koya wa Yara Adabin Turanci

Yaron da ke aji huɗu na firamare a Malesiya yawanci da Malayanci ko Sinanci ko Tamil ya buɗe baki. Turanci a makaranta yake gamuwa da shi, amma hukumar ilimin ƙasar ba ta tsaya ga nahawu ba, sai da ta ɗora masa adabi. A shekarar 2000 aka sa waƙa da gajeren labari da ƙagaggen littafi cikin darasin Turanci na sakandare, daga baya abin ya gangaro firamare. Cikin littattafan da aka zaɓa wa ƙananan akwai The Jungle Book na Rudyard Kipling, wanda ya fara fitowa a 1894, an sauƙaƙa shi an mai da shi labari cikin zane.

To, matsalar malami a nan take. Darasi ɗaya bai isa a karanta babi, a fassara kalmomi, a gyara furuci, sannan a tattauna ba. Kafin a kai ga tambayar me ya sa kyarketai suka karɓi ɗan mutum, wato Mowgli, cikin garkensu, an kaɗa ƙararrawa.

Haɗa karatun aji da na intanet raba wannan aiki ne gida biyu. Duk abin da ke bukatar maimaici sai a bar wa na'ura: yaro ya saurari babin da muryar mai karatu yana bin rubutun da ido, ya koma baya sau nawa ya ga dama ba mai yi masa dariya, ya amsa 'yan tambayoyin da za su nuna ko ya gane wa ya yi me. Malama kuwa tana ganin amsoshin tun kafin gari ya waye, ta san inda aka yi tuntuɓe. Idan an haɗu a aji, lokacin ya zama na abin da waya ba ta iyawa. A kwaikwayi labarin, wannan yaro ya zama Shere Khan, wancan ya zama Baloo, a yi gardama kan ko Mowgli ɗan daji ne ko ɗan gari. Yarinyar da kunya ke hana ta ɗaga hannu tana iya naɗar muryarta a gida ta aiko, kuma sau da yawa a nan malama ke fara jin Turancinta. Adabi ya fi sauran darussa dacewa da wannan tsari, domin rabinsa na kunne ne, rabinsa na musayar ra'ayi.

Malesiya ta zuba kuɗi sosai a kan haka. Shirin 1BestariNet ya ɗauki alkawarin kai intanet makarantun gwamnati kusan 10,000, tare da dandalin karatu mai suna Frog VLE. Sai dai rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasa na 2013 ya nuna masu amfani da dandalin ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. An gina rumbu tun ba a yi shuka ba. Malamai da dama sun ɗauke shi ƙarin aiki ne kan wanda suke fama da shi, layin intanet kuma yana ja da ƙafa a karkara. A 2019 aka koma Google Classroom, a watan Yunin 2020 kuma aka ƙaddamar da dandalin DELIMa.

Annobar korona ce ta gwada kowa. Da aka rufe makarantu a ranar 18 ga Maris 2020, ɓangaren aji ya ɓace, aka bar yara da allon waya kaɗai, wani gidan ma waya ɗaya ce tsakanin 'ya'ya da uba mai fita aiki. A jihar Sabah har wata ɗaliba ta hau bishiya neman sabis don ta rubuta jarrabawa, labarin ya karaɗe ƙasar. Gwamnati ta buɗe tashar talabijin ta DidikTV a Fabrairun 2021 saboda gidajen da intanet bai isa ba.

Abin lura shi ne kayan aikin da malamai suka fi riƙewa a lokacin ba masu tsada ba ne. WhatsApp da Telegram ne, domin suna cikin wayar iyaye tun asali, kuma saƙon murya ba ya cin data kamar bidiyo. Ga darasin adabi wannan ya wadatar da rabin aikin: hoton shafi, muryar malama tana karantawa, tambaya ɗaya a ƙarshe. Ɗaya rabin, wato wasan kwaikwayo da gardama, ya jira har yara suka koma kan bencinsu.