Abin da Ya Kamata Ku Sani: Yadda Ake Gane Hafsan Sojan Jamus a Tsohon Hoto ta Lambobin Yabonsa

Hotunan hafsoshin sojan Jamus na zamanin yaƙe-yaƙen duniya biyu suna nan jibge a gidajen tarihi da akwatunan iyalai, da yawansu babu suna, babu kwanan wata. Wasu ma a yankinmu aka ɗauke su, domin daga farkon ƙarni na 20 har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, Garwa da Marwa da Dikwa suna hannun Jamus. Masu binciken irin waɗannan hotuna ba sa dogara da fuska, tunda kama da wane ba wane ba ne. Ƙirji suke dubawa, da wuya, da kafaɗa. Sojan Jamus ba ya rataya lamba yadda ya ga dama. Kowace lamba tana da gurbinta a jikin kaki, tana da shekarar da aka ƙirƙiro ta, kuma manyan cikinsu akwai rajistar waɗanda aka ba.

Lambar gama-gari tana faɗin lokaci

Wadda aka fi gani ita ce Kuros ɗin Ƙarfe, baƙi mai bakin azurfa. Sarkin Furusiya Friedrich Wilhelm na Uku ne ya kafa ta a 1813, aka sabunta ta a 1870 da 1914 da 1939. Ta 1914 tana da kambi a sama, harafin W a tsakiya, ƙyallenta baƙi da fari. Ta 1939 kuwa tambarin 'yan Nazi ne a tsakiyarta, kuma ja ya shiga ƙyallen. Mai daraja ta biyu, ƙyallen kawai yake zurawa a kafar maɓalli na biyu. Mai daraja ta ɗaya yana maƙala kuros ɗin kansa a ƙirjin hagu.

Miliyoyin sojoji ne suka sami daraja ta biyu, saboda haka ba za ta kai ka ga sunan kowa ba. Amfaninta shi ne tsai da lokaci. In ka ga ƙaramar mikiya ta ƙarfe mai ɗauke da 1939 a kan ƙyallen 1914, mutumin ya yi yaƙin farko, ya kuma sake cin lambar a na biyu. Ka san ke nan ba yaro ba ne. Haka sauran lambobin suke. Lambar rauni ta fito a 1918: baƙa ga wanda aka raunata sau ɗaya ko biyu, ta gaba da ita ga sau uku ko huɗu, mai ruwan zinariya ga sau biyar zuwa sama. Wani babban tauraro na ƙirjin dama, wanda sojoji suka yi wa laƙabi da soyayyen ƙwai, bai fito ba sai Satumban 1941. Jan ƙyallen lambar yaƙin hunturun Rasha kuma sai Mayun 1942. Ƙa'idar ita ce, hoto ba zai girmi lambar da ta fi sabunta a cikinsa ba.

Lambar wuya tana rage yawan mutane

Inda bincike ke daɗi shi ne wuya. Pour le Mérite, shuɗin kuros mai mikiyoyin zinariya da Sarki Friedrich na Biyu ya kafa a 1740, waɗanda suka same ta a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba su kai 700 ba, kuma an daina ba sojoji ita a 1918. A yaƙi na biyu Kuros ɗin Barade ne ya hau wuya. Mutum kusan 7,300 suka same shi, amma yana da matakai: ƙarin ganyen azurfa ga ƙasa da mutum 900, takubba ga kimanin 160, lu'ulu'u ga 27 kacal.

Erwin Rommel misali ne mai kyau. Ya sami Pour le Mérite a Disambar 1917 a fagen Italiya, Kuros ɗin Barade a Mayun 1940, ganye a Maris 1941, takubba a Janairun 1942, lu'ulu'u a Maris 1943. A Yunin 1942, bayan faɗuwar Tobruk, ya zama fil mashal. To, in hotonsa ya nuna takubba a wuya amma babu sanduna biyu na fil mashal a gicciye a kafaɗa, an ɗauke shi ne a 'yan watannin farkon 1942. Cikin mutum 27 masu lu'ulu'u kuma, biyu ne kaɗai ke da Pour le Mérite: shi da Ferdinand Schörner. Schörner yana sa tabarau. A nan, lambobi biyu sun rage miliyoyin sojoji zuwa mutum biyu, fuska ta ƙarasa aikin.

Ƙaramin hafsa fa?

Akasarin hotuna ba na mashahurai ba ne. A nan jerin lambobin ƙirjin hagu ke aiki. Kafin 1918 Jamus tarayyar masarautu ce, kuma Babariya da Saksoniya da Wurtembak, har da biranen Hambag da Bireman da Lubek, kowa na da tasa lambar. Hafsan da ke da lambar Saksoniya da ta Hambag, ga kuma jan tauraro mai jinjirin wata na Daular Usmaniyya a ƙirjin dama, ya riga ya faɗi inda ya fito da inda ya yi aiki. Kowace lamba ita kaɗai ba wani abu ba ce; haɗuwarsu a ƙirji ɗaya ita ce ba kasafai take maimaituwa ba.

Sai a haɗa da kafaɗa. Laftana da kyaftin igiyarsu ta azurfa a shimfiɗe take: ƙaramin laftana ba anini, babba ɗaya, kyaftin biyu. Daga manjo zuwa kanal igiyar a tufke take, ta janar kuma da zinariya a ciki. Sau da yawa lambar rundunar tana nan a kan kafaɗar. Da muƙami da runduna da jerin lambobi, mai bincike sai ya buɗe littafin jerin hafsoshi da rundunar ta riƙa bugawa a lokacin, wanda ke kawo sunan kowane hafsa da lambobinsa a taƙaice. Hotunan shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya sun fi sauƙi, domin Yarjejeniyar Basai ta 1919 ta ƙayyade hafsoshin sojan ƙasa zuwa 4,000.

Ga hotunan Kamaru, a dubi malfar hafsan. Rundunar Jamus ta Kamaru jan ƙyalle take naɗawa, ta Gabashin Afirka fari, ta Kudu maso Yammacin Afirka shuɗi. Akwai kuma lambar mulkin mallaka ta 1912, mai ƙananan sandunan ƙarfe da ke ɗauke da sunan ƙasa da shekarar yaƙin da mutum ya halarta. Da yake hafsoshin wannan runduna ba su da yawa, gano wanda ke tsaye a hoton Garwa ko na dutsen Mora, inda Kyaftin Ernst von Raben ya ƙi miƙa wuya har Fabrairun 1916, ya fi gano hafsan fagen Faransa sauƙi.

Inda ake tuntuɓe

Tsohon fim yana yaudara. Irin wanda aka fi amfani da shi a farkon ƙarni na 20 yana mai da rawaya da ja kusan baƙi, shuɗi kuma ya dusashe kamar fari, sai ƙyallen wata masarauta ya rikiɗe ya zama na wata. Wani hoton an wanke shi a juye, dama ta koma hagu. Rigar namiji ɓangaren hagu ke hawa kan na dama, sai a duba maɓallai. Rashin lamba ba hujja ba ce, domin a bakin daga ba kowa ke sa tasa ba. Masu ɗaukar hoto na zamanin kan ƙara wa tsohon hoto sabuwar lamba da fenti bayan an ba mutum ita. Wanda kuma ya ga kuros ɗin 1939 da ganye a tsakiya maimakon tambarin Nazi, hoton bayan 1957 ne, shekarar da Jamus ta Yamma ta halatta sa lambobin in an cire tambarin.

Lamba tana kawo mai bincike bakin suna, takarda ce ke tabbatarwa. Yawancin takardun sojan Furusiya sun ƙone a harin jiragen sama kan Fotsdam a Afrilun 1945, amma akwai sauran bayanai a taskar tarihin soja ta Jamus da ke Firaibag, na Babariya kuma suna Munik. Wannan taka-tsantsan ba na banza ba ne. Wasu hotunan an ɗauke su ne a wuraren da aka yi wa fararen hula kisan gilla, a Turai da Afirka. Ɗora sunan da ba shi ba a kan irin wannan hoto zalunci ne ga wanda aka ambata, kuma rufin asiri ne ga wanda ya aikata.