Igwar Tsibirin Gore Da Ta Taɓa Toshe Wa Fataken Damargu Hanyar Kano

Daga wakilinmu da ya ziyarci Dakar

Duk wanda ya tashi a Tenhiya ko Balbeji, inda ake kwana a layin rijiya domin shayar da raƙuma, idan aka ce masa akwai garin da ruwa ya kewaye ta ko'ina, sai ya ɗauka tatsuniya ce. To haka tsibirin Gore yake a ƙasar Senegal. Daga tashar jiragen ruwa ta Dakar, tafiyar kamar minti 20 ce a jirgin fito. Tsawon tsibirin bai kai kilomita ɗaya ba, faɗinsa kuwa kamar mita 300, kuma babu mota a cikinsa, kowa da ƙafa yake yawo.

Mafi yawan baƙi Gidan Bayi suke zuwa gani, wanda tarihinsa na cikin dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta sanya tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 1978. Wakilinmu kuwa ya wuce can ƙarshen tsibirin ta kudu, ya hau tudun da ake kira Kastel, inda kangon sansanin sojan Faransa yake, domin abin da ya faru a wannan tudu ya taɓa shafar kasuwannin Damargu.

Tun a cikin jirgi ake fara ciniki. Matan da ke da rumfuna a tsibirin sukan zauna kusa da baƙo, su gaishe shi, su gaya masa sunansu, su nemi ya yi alƙawarin zai biya ta rumfarsu. Kuɗinsu sefa ce irin tamu, kuma da Wolof su ma biyar-biyar suke lissafi, abin da muke ce wa dala su suna ce masa deram. Saboda haka mutumin Nijar ba ya ruɗewa wajen tayi.

Hanyar hawa tudun ta bi ta tsakanin itatuwan kuka, masu zane sun baje hotunansu a gefenta. Da ka kai sama, abin da zai fara tare maka ido shi ne wasu manyan igwa guda biyu a jere, sun miƙa baki wajen teku, tsatsa ta cinye su. Faɗin bakin kowace santimita 24 ne, yaro ƙarami na iya cusa kansa ciki. A ƙarƙashinsu akwai ɗakuna da lunguna na siminti mai kauri, inda a da ake ajiye harsasai, sojoji kuma suke fakewa. Yanzu ciyawa da ƙaya sun fito ta tsagogin bango, wasu ɗakunan kuma mutane sun mayar da su wurin kwana da wurin sana'a, har da shanya a jikin ƙarafan.

Yadda abin ya faru

A watan Yunin 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wanda dattawanmu ke kira Yaƙin Hitila, Jamus ta ci Faransa da yaƙi. Sai Faransawa suka rabu biyu. Akwai gwamnatin Marshal Petain da ta zauna a garin Vichy ta yi sulhu da Jamus, akwai kuma Janar Digol da ya tsere Landan ya ce yaƙi bai ƙare ba. A watan Agusta, gwamnan Chadi, Felix Eboue, ya bi Digol. Shi kuwa Gwamna Janar Pierre Boisson da ke Dakar, wanda Nijar ke ƙarƙashinsa, ya tsaya tare da Vichy.

Ranar 23 ga Satumba, 1940, Digol ya iso gaɓar Dakar tare da jiragen yaƙin Ingila, da tsammanin za a buɗe masa ƙofa cikin lalama. Aka wayi gari da hazo, kuma maimakon maraba sai aka buɗe musu wuta, daga igwogin gaɓar teku har da na Gore, da kuma babban jirgin yaƙin nan Richelieu da ke tsaye a tasha. Kwana uku ana fafatawa. A ranar 25 ga wata, wani jirgin ƙarƙashin teku na Faransa ya yi wa jirgin Ingila mai suna Resolution mummunar illa, daga nan Digol da Ingilishi suka janye.

Inda abin ya taɓa kasuwa

Mai karatu zai ce, to ina ruwan mai sayar da gero a Tanut da wannan faɗa? Ruwansa babba ne. Wannan nasara ita ta sa ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulki suka ci gaba da zama a hannun Vichy har zuwa Nuwamban 1942. Nijeriya kuwa tana hannun Ingila. Ke nan Damagaram da Kano, waɗanda ayari ya haɗa tun kaka da kakanni, sun koma ɓangarori biyu masu gaba da juna, aka hana ciniki a tsakaninsu.

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan Turawa ta kudu suke shigo mana, dabbobi da fatu da gyaɗa kuma kudu suke nufa. Damargu ita ce rumbun geron da Abzin ke ci, ita ce kuma zangon ayarin da ke tsakanin Agadas da Kano. Da aka toshe hanya, yadi da sukari da kananzir suka yi wuya, mutane suka koma wa masaƙan gida. Hukuma kuma ta ƙara matsa wa talakawa da karɓar hatsi da dabbobi da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Wanda ke son kai shanunsa Kano ko Katsina sai dai ya bi daji da dare, idan an kama shi ya rasa uwar kuɗi da riba.

'Yan kasuwar yau ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. Sun ga rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Sun kuma ga wanda ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, wanda Nijeriya ba ta ɗage ba sai a Maris ɗin 2024. Kowane karo a wani birni mai nisa ake yanke shawarar, amma a bakin tiya da awon safe ake jin zafinta. Waɗanda suka fi jin jiki su ne masu ƙaramin jari da suka zuba shi duka a kaya iri ɗaya, a kan hanya ɗaya, musamman idan bashi suka ɗauko.

A ƙasan tudun akwai tsohon masallaci na dutse yana kallon teku, a cikin gari kuma akwai ginin da makarantar William Ponty ta zauna kafin a ɗauke ta daga tsibirin, inda Bubu Hama da Diori Hamani suka yi karatu. Sojojin Faransa kuwa sun bar Nijar a Disambar 2023, sun kuma miƙa sansanoninsu na ƙarshe a Senegal a Yulin 2025.

Da wakilinmu ya sauko, matar da ta karɓi alƙawarinsa a cikin jirgi tana tsaye a bakin rumfarta, ba ta manta da fuskarsa ba. Ta sa wa wata sarƙar duwatsu jaka biyar, ya taya jaka biyu, aka yi ta ja har aka daidaita a jaka uku, ta ƙara masa ɗan awarwaro gyara, ta ce ya gaida mutanen gida.