Kiwon ɓeran Masar

Ɓeran Masar (sunan kimiyya: *Cavia porcellus*) wata ƙaramar dabba ce mara wutsiya daga dangin ɓeraye, wadda ake kiwo a gida don sha'awa, don nama, ko don binciken kimiyya. Nauyin babba yakan kai giram 700 zuwa 1,200, kuma yakan rayu shekara 5 zuwa 7 idan ya samu kulawa. A arewacin Najeriya yara da matasa ne suka fi kiwonsa, sau da yawa tare da zomo da tantabaru. Wannan maƙala ta duba abinci da shimfiɗar da suka dace da shi, musamman a yankin Talata Mafara, Bakura da Maradun na Jihar Zamfara.

Suna da asali

Duk da sunansa, ba daga Masar ya fito ba. Asalinsa tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, wato ƙasashen Peru, Bolibiya da Ekwado na yanzu, inda aka shekara dubbai ana kiwonsa. 'Yan kasuwar Turai ne suka kai shi nahiyarsu a ƙarni na 16. Hausa kan jingina baƙon abu ga Masar, kamar yadda ake ganin ya faru da kalmar masara, wadda ita ma tsiron Amurka ce. Sunansa na Ingilishi yana haɗa shi da Gini da kuma alade, na Faransanci kuma da Indiya da alade, alhali ba shi da wata dangantaka da alade, illa kukansa da gajartar wuyansa.

Abinci

Haƙoransa 20 ne, kuma ba sa daina tsiro har ya mutu. Taunar ciyawa ce ke rage musu tsawo, ita ce kuma ke sa hanjinsa aiki. Saboda haka ciyawa, ɗanya ko busasshiya, ita ce mafi yawan abincinsa, kuma bai kamata ta yanke masa ba dare da rana. Gamba da kyasuwa da kiri-kiri duk suna yi, muddin an yanko su da laushinsu. Da damina ana samunsu kyauta. Mai kiwo mai dabara kan busar da su a inuwa a ƙarshen damina ya ajiye don rani.

Harawar wake da ta gyaɗa ita ce abin da hannu ya fi kaiwa gare shi a kasuwannin yankin, kuma ɓeran Masar yana sonta. Tana da amfani ga ƙanana masu girma da mace mai ciki ko mai shayarwa. Sai dai sinadarin kalsiyam ya yi mata yawa, kuma baligin da aka ɗora a kanta ita kaɗai yana iya samun tsakuwa a mafitsara. An fi so a gauraya ta da busasshiyar ciyawa. Dusa ma kaɗan ake bayarwa, domin tana ƙosar da shi ya ƙi ciyawa. Harawa ko dusar da ta yi fumfuna a zubar da ita, ko da an saye ta da tsada.

Abin da ya fi raba shi da zomo shi ne bitamin C. Kamar ɗan Adam, jikinsa ba ya iya haɗa wannan sinadari, dole sai ya ci shi a abinci. A jikinsa ne likitocin Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, suka ga alamun cutar rashin bitamin C a shekarar 1907. Baligi yana buƙatar aƙalla miligiram 10 a rana, mace mai ciki kuma ninki biyu ko uku. Idan ya rasa na 'yan makonni sai gaɓoɓinsa su kumbura, gashinsa ya yamutse, dasashinsa ya riƙa jini, ya daina cin abinci. Busasshiyar ciyawa da dusa kusan babu bitamin C a cikinsu, don haka rani ne lokacin haɗari.

A nan yankin Mafara ya yi sa'a. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a kan Kogin Sakkwato a shekarar 1978, tana ba gonakin Talata Mafara da Bakura da Maradun ruwa, kuma noman rani kan sa a samu ɗanyen ganye a watannin da daji ya bushe. Yankan koren tattasai ko na gwaiba a kullum ya isa ya biya buƙatar dabba ɗaya. Ana iya ƙara ganyen dankalin Hausa, ganyen masara, latas, kokwamba da ɗan karas. Zogale da alayyahu sai jifa-jifa, kabeji kuma yana kumbura ciki idan ya yi yawa. Duk ganyen da aka samo daga lambu a wanke shi sosai, kuma kada a yanko ciyawa daga gefen gonar da aka yi wa feshi. Zuba bitamin C a ruwan sha ba abin dogaro ba ne, domin haske da iska suna lalata shi da wuri.

Abubuwan da ba a ba shi sun haɗa da albasa, tafarnuwa, attarugu, ɗanyen rogo, ganyen tumatir, da ganye ko koren ɓawon dankalin Turawa. Haka nan tumfafiya, zaƙami, zurma da bini-da-zugu, waɗanda ke tsirowa a bayan gida. Gyauron dawa, wanda makiyaya suka daɗe da sanin yana kashe dabba, shi ma haka. Abincin kaji da na zomo ba nasa ba ne. Idan aka ga yana cin wani kashinsa mai laushi kada a hana shi, hanya ce ta samun bitamin B da K.

Shimfiɗa da wurin kwana

Tafin ƙafarsa ba shi da gashi kamar na zomo, don haka keji mai daɓen waya yana ji masa ciwon da ke wuyar warkewa. Daɓe ya zama a shafe, a kuma yi shimfiɗa mai shan fitsari. Mafi sauƙi ita ce kwali ko tsohuwar takarda a ƙasa, busasshiyar ciyawa mai laushi a sama; ko ya ci ta babu illa. Tsohon tawul ko bargo ma yana yi idan za a riƙa wankewa ana shanyawa a rana.

Garin katako na injin yanka yana da arha, amma ƙurarsa tana shiga hanci da ido, kuma mai saye ba ya sanin irin icen ko maganin da aka shafa masa. Manyan ɓarɓashin da injin goge katako ke fitarwa ya fi, idan ba mai ƙamshi ba ne kuma an tankaɗe shi. Ɓuntun shinkafa, wanda ke jibge a wuraren casa na yankin, a tankaɗe shi a sa a ƙarƙashin ciyawa. Ƙaiƙayin gero yana sa ƙaiƙayi, kara kuma yana tsone ido. Ana kwashe wurin da ya jiƙe kullum, a sauya shimfiɗar gaba ɗaya aƙalla sau ɗaya a mako, domin zarnin fitsari yana jawo ciwon huhu.

Dabba ce mai son zama da 'yan'uwa, har ƙasar Suwizalan ta hana a ajiye guda ɗaya tal tun shekarar 2008. Biyu suna buƙatar fili kamar murabba'in mita ɗaya, da tukunya ko kwalin ɓuya, da murfin waya a sama saboda kyanwa, gafiya da shirwa.

Zafi da magani

Ya fi jin daɗin yanayi tsakanin digiri 18 zuwa 24, kuma idan zafi ya haura 30 yana iya mutuwa cikin sa'o'i. A Zamfara zafin Afrilu da Mayu kan wuce 40. Ɗakin ƙasa mai iska ya fi rumfar kwano, kuma ana iya ajiye jiƙaƙƙen buhu ko randar ruwa ya jingina da ita. Da hunturu a kare shi daga iska da ƙura.

Kada a ba shi maganin kaji ko na mutane ba tare da likitan dabbobi ba. Magungunan dangin fenisilin, irin su ampicillin da amoxicillin, suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanjinsa, su jawo gudawar da takan kashe shi cikin 'yan kwanaki. Wanda ya yini bai ci komai ba yana buƙatar likita a ranar.