Turmin Ƙarfen Kaka: Yadda Za A Gane Asalinsa Da Shekarunsa

 Yau a kan ƙaramin turmin ƙarfe za mu tsaya, shi da 'yar taɓaryarsa, irin wanda tsofaffi ke daka goro a ciki idan haƙora sun ƙare, ko a daka kanwa da sassaƙen magani. Mutanen Tursa da Rabah da Wurno da Goronyo, duk mai irinsa a gida ya jawo shi kusa da rediyo.

Da zarar an fito da tsohon abu a yankinmu, sai ka ji an ce tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake. Akwai dalili. A Wurno Bello ya yi ribaɗi, a can ya rasu a 1837, kuma a nan ƙasar Rabah ya gwabza yaƙin Gawakuke a 1836. To amma kafin mu ɗora wa turmi shekarun da ba nasa ba, mu fara tambayar ƙarfen.

A nemo mayen ƙarfe, ko da na tsohuwar lasifika ne. Idan bai kama ba, tagulla ce ko sanholo, kuma nauyi zai raba gardama, don sanholo ba ya da nauyi. Zubin sanholo sana'a ce ta bayan zuwan Turawa.

Idan ya kama, sai a kifa turmin a shafa jikinsa da yatsa. Maƙeranmu na da, daga tama suke fitar da ƙarfe, su gasa shi da gawayi da zuga-zugi, su yi ta bugu a kan uwar maƙera. Ba sa narkar da baƙin ƙarfe ya zama ruwa har a zuba shi a mazubi. Saboda haka aikinsu yana da sawun masaba, baki ba ya zagayewa daidai, wani gefen ya fi wani kauri. Wanda kuwa ka ga siririn layi ya ratsa shi daga baki zuwa gindi, inda ɓarin mazubi biyu suka haɗu, ko ka ga lamba ko haruffan boko a gindinsa, wannan zubin masana'anta ne. Galibin irinsa sun shigo ne bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, musamman da jirgin ƙasa ya kai Ƙaura Namoda a 1929, kaya masu nauyi suka samu hanya. Idan kuma akwai tabon walda, ko taɓaryar guntun ƙarfen mota ce da aka gyara, to magana ta ƙare, ɗan bayan-bayan nan ne.

A kula, tsatsa ba shaida ba ce. Damina biyu a fadamar Rima ta isa ta tsufar da sabon ƙarfe. Gara a duba lotsawar cikin turmin da sulɓin inda hannu ke riƙe taɓarya.

Duk da haka, ƙarfe zamani kawai yake nunawa. Shekarun suna bakin tsofaffi. Ku je ku durƙusa ku tambaya: Inna, wa ya fara daka a cikin turmin nan? A kayan aurenki ya zo, ko gadonsa kika yi? Lokacin an kashe Sardauna, ɗan Rabah, a 1966, ko da saura? An canza fam zuwa naira a 1973? An yi madatsar Goronyo? Daga uwa zuwa 'ya a lissafa shekara 25 zuwa 30, a rubuta sunayen a takarda, a ajiye tare da turmin.

Abin da ke damuna shi ne 'yan gwangwan suna yawo ƙauye-ƙauye, suna auna irin waɗannan kaya a sikeli, yara na miƙa musu don kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Don Allah jama'a, kada a sayar, kada kuma a kankare shi da yashi. A goge da tsumma, a shafa ɗan mai, a ajiye inda laima ba ta kai. Wanda ya ga alamar ƙirar hannu a nasa, ya ɗauki hotonsa ya kai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato a duba masa.